Bayan Gobara a Abuja, Wa Ke Tuna Ɗan Ci-rani?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke busar da ciyawa, a daidai lokacin ne kuma 'yan ci-rani ke cika Abuja bayan an gama girbi. Daga Katsina, Sakkwato, Zamfara, har Maraɗi da Damagaram suke zuwa: mai ga-ruwa, mai shayi, ɗan dako, ɗan bola-jari. Da yawansu a bacha suke kwana, ta katako da leda da tsohon kwano, a gefen Mabushi, Karmo, Dei-Dei ko Mpape. Wani ya cinna wa daji wuta don farautar gafiya, ko a bar garwashin jin ɗumi a ɗaki, iska ta kaɗa, shi ke nan.

Duk sanda kasuwa ta ƙone, kamar ta Karu a watan Yunin 2024, shaguna ake fara ƙirgawa. Mai shago yana da lamba, yana da ƙungiya, sunansa zai shiga takarda. Wanda ke ɗaukar masa kaya fa? Ba shi da rasit, ba shi da takardar haya. 'Yan kuɗin da ya tara a ƙarƙashin tabarma don sayen taki sun zama toka, katin shaidarsa ya bi su, gobe kuma babu aiki. A ƙauye akwai mata da 'ya'ya da ke jiran aike. Su ma gobarar ta ci su, ko da yake ba su ga hayaƙinta ba. Ko a Amurka haka aka gani a Janairun 2025, da wutar daji ta cinye dubban gidaje a Los Angeles: baƙin da ke shara da gyaran lambu a gidajen sun wayi gari ba sana'a.

Don haka idan jami'an NEMA ko na hukumar agajin gaggawa ta Abuja sun zo ɗaukar sunaye, Sarkin Hausawan unguwa da limamai da shugabannin kasuwa su tsaya kai da fata sai an rubuta leburori da masu kwanan bacha, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Mai son taimakawa kada ya tsaya kan buhun shinkafa. Bargo, wurin kwana na 'yan kwanaki, sabuwar kura da jarkoki, ko kuɗin motar komawa gida, sun fi saurin tayar da mutum. A miƙa hannu da hannu, domin 'yan damfara ma sun iya buɗe asusun tallafi.

Kai kuma ɗan'uwa ɗan ci-rani, daina ajiye kuɗi a ɗaki. Sa su a asusu ko ka tura gida. Ɗauki hoton katinka a waya. Kada ka kwana da jarkar fetur. Idan wuta ta tashi, fara fitar da mutane, ka kira 112, kada ka koma ciki don kaya.