Shin Ko Kun San? Gona Taka, Kuza ta Gwamnati

Shin ko kun san cewa manomin Naraguta a Filato da ya gaji gonarsa kaka da kakanni, in ya haƙa rami ya ci karo da kuza, a idon doka ba tasa ba ce? Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta sake jaddada hakan. Ita ma gonar, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amana ce a hannun gwamna. Abin da ya rage wa mai gona shi ne noma, sai kuma diyya in an tashe shi.

Shin ko kun san wannan hukunci ya girmi Nijeriya kanta? A 1902 Turawa suka yi dokar ma'adinai ta farko a Arewa, shekara 12 kafin haɗewar 1914. Lokacin ba su ma gama cin duwatsun Filato da yaƙi ba. Da injiniyan Kamfanin Neja, H. W. Laws, ya iso yankin a 1903, har daga baya ya kafa sansani a Naraguta, takarda ta riga ta yanke mai kuza. Ba wanda ya nemi jin ta bakin mutanen yankin, Anaguta, ko Afizere, ko Berom. Ana cewa doka yarjejeniya ce ta zaman tare, don kada mai ƙarfi ya danne maras ƙarfi. To, wannan dai mai ƙarfin ne ya rubuta abarsa.

Ga wadda ta fi ba ni mamaki. Da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, sai ta yi masa alkawarin rabin duk kuɗin da masu haƙa za su biya gwamnati a kan ma'adinai, a wani makeken yanki na Arewa, har shekara 99. Ko kamfanin ya ɗaga diga ko bai ɗaga ba, kasonsa na nan. Kamfanin UAC ya gaji wannan garaɓasa, sai a 1950 aka fanshi haƙƙin da fam miliyan ɗaya, daga asusun Nijeriya.

Kun san tun kafin zuwan Bature akwai masu narka kuza a Ririwai, fatake na yawo da ita kasuwa-kasuwa? Dokar lasisi ta mayar da sana'ar gado abin neman izini, daga baya kuma wutarsu ta mutu.

Shin ko kun san Naraguta ce mazaunin Di'o kafin Jos ta tasa, yankin kuma yana ƙarƙashin Lardin Bauchi har 1926? Da Jos ta girma, sai aka raba ta biyu: ɓangaren Turawa da ma'aikatansu na gaban majistare da dokar Ingila, cikin gari kuma na hannun En'e da kotun alƙali. Laifi ɗaya, amma hukunci ya danganta da unguwar da mutum yake kwana.

Aikin tilas ma da doka aka yi shi. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka fito da ƙa'idar yaƙi da ta halatta ɗiban gwamna. Aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan Filato, ga sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci. Da yawa ba su koma gida ba. Sai a 1944 aka daina.

A gaskiya dokar yau ta fi ta da tausayin mai ƙasa, aƙalla a rubuce: ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya yi yarjejeniya da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, ya kuma gyara ƙasar in ya gama. Sai dai tsofaffin kududdufan kuza na nan birjik a Filato, masu su sun daɗe da tafiya. A Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro, alhali ofishin da ke ba da lasisin yana Abuja.