Ba Kowace Bindiga Ce ta Boko Haram Ba

A majalisun Damagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fune da ke kan hanyar Damaturu zuwa Potiskum, da wuya a taɓo zancen tsaro wani bai ce da hannun manya a ciki ba. Zargin bai faɗo daga sama ba. A Janairun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan da bakinsa ya ce akwai masu goyon bayan Boko Haram a cikin gwamnatinsa. Daga baya aka ji badaƙalar kuɗin makamai ta ofishin Sambo Dasuki, mai ba Jonathan shawara kan tsaro. Kotun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Najeriya shida kan aika wa ƙungiyar kuɗi, mu kuwa a gida an sha yi mana alkawarin fallasa sunaye, aka daɗe shiru. A Disambar 2024 Janar Tiani na Nijar ya zargi Faransa da ɗaure wa 'yan ta'adda gindi da sanin Najeriya, Abuja ta musanta.

Illar ita ce zargin ya zama bargo ɗaya da ake lulluɓe kowace ta'asa da shi. A Mayun 2012 'yan bindiga sun afka wa kasuwar shanu ta Potiskum, suka kashe mutum fiye da 30. Nan take aka ce Boko Haram ce. 'Yan sanda kuwa suka ce 'yan fashi ne suka dawo ramuwa, bayan 'yan kasuwa sun kama ɗayansu sun ƙone shi. Kisan ɗaliban Mamudo a Yulin 2013 da bam ɗin makarantar kimiyya ta Potiskum a Nuwambar 2014 wani abu ne daban, don aƙida ce ta kai maharan makaranta, ba neman kuɗin shanu ba. Ita kanta Boko Haram ta dare biyu a 2016, kuma ɓangaren ISWAP, wanda ya sace 'yan matan Dapchi a 2018, ya fi dogara da harajin kifi da na makiyaya a Tafkin Chadi.

Ɓarawon shanu aikin ɗan sanda ne da alƙali da sarkin kasuwa. Rikicin gona da burtali na masu unguwanni ne da ardo. Idan aka kira su duka ta'addanci, sai a turo soja, a rufe kasuwa, talaka ya ɗanɗana kuɗarsa. Mafi muni, wanda ya yarda cewa gwamnati ce ke ɗaukar nauyin maharan ba zai kai rahoton baƙuwar fuska ofishin 'yan sanda ba, don a ganinsa kansa zai kai.