Gadon Fito na Gora da Tib: Sana'ar Hannu da Iyakarta

Duk wanda ya zauna a Malanville ya san cewa rayuwar garin a jikin ruwa take. Kogin Neja ne ya raba mu da Gaya, kogin Sota kuma kusa da nan yake zuba a cikinsa. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka rufe gada, fito ya koma hannun masu kwale-kwale. Ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba a lokacin. Yaran da suka tashi suna kallon wannan hada-hada, ba mamaki su yi sha'awar haɗa nasu abin hawa. Don haka ya kamata iyaye su san yadda ake yin sa, da inda bai kamata a sa shi ba.

Dabarar tsohuwa ce. Masuntan Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, a kan babban goran duma suke kifa ciki su yi yawo a ruwa. Sirrin ɗaya ne: iskar da aka kulle. Kowace lita guda ta iska tana ɗaukar nauyin kusan kilo guda. Jarka mai lita 25 ke nan za ta ɗauki abin da bai kai kilo 25 ba kafin ta nutse. Haka tib, wato robar cikin tayar mota, yake aiki, haka ma itacen gora, saboda iskar da ke tsakanin gaɓoɓinsa.

Wanda zai haɗa gadon fito, sai ya nemi tib huɗu na babbar mota, ya kai wa mai faci ya hura su, ya tsoma a ruwa don a ga ko suna yoyo. Kada a cika su tam, domin baƙar roba tana shan rana, iska ta kumbura har ta fasa ta. Sai a samo busasshiyar gora marar tsagewa, a kankare duk wani tsini. A shimfiɗa dogaye biyu ko uku a tsaye, a gitta gajeru a kansu, a ɗaure kowace mahaɗa da igiyar nailan. Waya haramun ce a wannan aiki, don ita ke huda tib. A sa tib ɗaya a kowace kusurwa, a ɗaure shi wuri uku ko huɗu, a juya bawul inda ba zai yanki ƙafa ba. Faɗi ya fi tsawo amfani, domin siririn gado saurin kifewa gare shi.

Kafin mutum ya hau, a gwada shi da buhunan yashi a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Idan tib ya nutse fiye da rabi, kaya sun yi yawa.

A ruwa mai kwanciya, kamar tafki ko fadama, wannan gado yana da amfani: a ɗauko damin shinkafa, ko a kwashe hatsi idan ambaliya ta shigo, kamar yadda Malanville da Karimama suka gani a 2010. Amma ba na tsakiyar kogi ba ne. Ba shi da goshin da zai tsaga ruwa, ba ya jin tuƙi, igiyar ruwa ce ke kai shi inda ta so. Kada kuma a ruɗu da wucewar damina. Kogin nan sau biyu yake cika: na farko a Agusta da Satumba, na biyu kuma cikin hunturu, lokacin da ruwan Gini ke isowa bayan doguwar tafiya ta ƙasar Mali. Ga kuma dorina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Allah Maɗaukakin Sarki ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya yi umarni a koya wa yara iyo.

Saboda haka, ya ku iyaye, hani kaɗai ba ya isa, domin yaron da aka hana a gida, a ɓoye zai je gulbi. Ku zauna ku haɗa gadon tare da shi, ku kai shi wurin Sarkawa ya koyi iyo, ku kafa masa sharaɗi uku: ba ya hawa shi kaɗai, ba ya hawa sai da babba a gaɓa riƙe da igiya, ba ya kusantar babban kogi. 'Ya'ya amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Allah ya tsare mana zuri'a, a tudu da ruwa. Amin.