Cire Manhajoji da Yawa a Lokaci Guda: Darasi daga Masana'antun Bompai

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zuwa ziyarar ƙaro ilimi a ɗaya daga cikin masana'antun Bompai, ko na Sharaɗa, ko na Challawa, zai lura cewa babu injin da yake aiki shi kaɗai. Injin da ke narka roba da wanda ke zuba ta a mazubi, janareta ɗaya ke ba su wuta, famfo ɗaya ke kawo musu ruwan sanyaya jiki. Saboda haka idan mai masana'anta ya yi niyyar fitar da tsofaffin injuna guda goma, ba ya cewa lebura ya kwance duk abin da ya gani. Sai ya sa injiniya ya bi waya da bututu, ya tantance wanne ne na tsohon injin kaɗai, wanne ne kuma sauran injuna suka dogara a kansa. Wannan maƙala za ta nuna cewa haka lamarin yake a cikin kwamfuta, duk lokacin da aka so cire manhajoji masu yawa da umarni guda.

Matsalar da ke gabanmu

Mu ƙaddara wani kamfani a Bompai ya sabunta kayan ofishinsa, ya ba wata makarantar sakandare kyautar tsofaffin kwamfutoci 20, kowace tana ɗauke da tsarin Ubuntu. A cikin kowace akwai manhajoji 30 waɗanda ɗalibai ba su da bukatarsu, ga shi sun cika rumbun ajiya. Idan malamin kwamfuta ya ce zai riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da linzami, aikin zai maimaitu sau 600. In kowane ya ci minti ɗaya tak, awa 10 ke nan, kuma a garin da ba a da tabbacin wutar lantarki. A nan ne layin umarni yake da amfani, watau tagar nan mai baƙin allo inda mutum ke rubuta wa kwamfuta abin da yake so da haruffa, maimakon latsa hotuna.

Mene ne ƙunshin manhaja?

Tsarin Linux ya samo asali ne a shekarar 1991, lokacin da Linus Torvalds yake ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, daga Debian kuma aka samar da Ubuntu a 2004, a ƙarƙashin jagorancin Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. A waɗannan tsare-tsare ana raba manhaja ne a ƙunshi-ƙunshi. Kowane ƙunshi yana ɗauke da fayilolinsa, da sunansa, da kuma jerin sauran ƙunshin da ba zai yi aiki ba sai da su. Wannan shi ake kira dogaro.

Akwai manhaja ta musamman mai lura da wannan lissafi, wadda za mu iya kwatantawa da sitokifa a masana'anta: duk abin da ya shiga sito ko ya fita, yana cikin littafinsa. A Debian da Ubuntu sunanta APT, kuma ta fara fitowa ne a 1998. Ƙa'idarta ita ce ba ta barin ƙunshi a rataye. Idan aka ce ta cire wani abu, to duk wanda ya dogara a kan wannan abin shi ma za ta haɗa da shi. Ƙa'idar mai kyau ce, amma a cikinta haɗarin yake.

Yadda ake aikin

Mataki na farko shi ne ɗaukar lissafin abin da ke cikin kwamfutar tun ba a taɓa komai ba:

dpkg --get-selections > kafin.txt

Wannan zai rubuta sunan kowane ƙunshi a cikin fayil mai suna kafin.txt. A kwafe fayil ɗin a filashi a ajiye.

Idan manhajojin da za a cire ba su da yawa, ana jera sunayensu a layi ɗaya, a bar fili tsakanin kowane biyu:

sudo apt remove gimp inkscape vlc

Kalmar sudo tana nufin ana yin aikin da ikon mai kula da kwamfutar, shi ya sa za a nemi kalmar sirri. Idan kuwa sunayen sun kai 30, ya fi dacewa a rubuta su a fayil, kowane suna a layinsa, a kira shi jeri.txt. Amfanin haka biyu ne: malami zai iya karanta jerin a natse ya gyara, sannan fayil ɗin nan ɗaya zai yi aiki a duk kwamfutocin 20.

Mataki na gaba shi ne mafi muhimmanci, watau atisaye:

xargs -a jeri.txt apt-get -s remove

Aikin xargs shi ne ɗebo sunayen daga fayil ta miƙa wa APT. Harafin -s kuwa yana gaya wa APT ta nuna abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba. Sai a zauna a karanta sakamakon layi-layi. Idan an rubuta sunaye 30 amma APT ta ce za ta cire 200, to akwai wani suna a jerin wanda manhajoji da dama suka dogara a kansa, kamar janaretan masana'anta. A nemo shi a goge daga jerin, a sake atisayen. Idan kuma an yi kuskuren rubuta sunan da ba ta sani ba, APT za ta tsaya ta faɗa, ba za ta cire komai ba.

Sai an gamsu da sakamakon sannan a ba da umarni na gaskiya:

xargs -a jeri.txt sudo apt-get remove

A nan ma za ta sake nuna jerin, ta nemi amincewa. Akwai harafin -y wanda ke amsa wa mutum wannan tambaya tun ba a yi ta ba. Kada mai koyo ya yi amfani da shi.

Bambancin remove, purge da autoremove

Umarnin remove yana cire manhaja amma ya bar fayilolin saitinta, ko da za a sake bukatarta. Umarnin purge yana haɗawa har da saitin. Dukkansu biyu ba sa taɓa takardu da hotunan da mutum ya ajiye a cikin jakarsa. Shi kuwa autoremove yana share ƙananan ƙunshin da aka shigo da su don su taimaka wa wata manhaja, wadda yanzu babu ita. Shi ma jerinsa abin karantawa ne kafin a amince.

Wurare uku da ake yin tuntuɓe

Na farko alamar tauraro, wadda ke nufin "da duk abin da ya biyo baya". Wanda ya rubuta 'libreoffice*' yana nufin duk ƙunshin da sunansa ya fara da wannan kalma. Wajibi ne a sa ta a tsakanin alamomin zance, in ba haka ba layin umarni zai iya musanya ta da sunayen fayilolin da ke cikin jakar da ake ciki. Bugu da ƙari, tsofaffin fitowar apt-get suna fassara tauraron ta wata hanya dabam, har wanda ya rubuta wine* ya kan tarar an haɗa da duk ƙunshin da ke da haruffan win a sunansa.

Na biyu ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki. Idan haka ta faru littafin sitokifa zai tsaya rabi da rabi. Mafi yawan lokaci ana daidaita shi da umarnin sudo dpkg --configure -a, amma rigakafi ya fi magani: a yi aikin lokacin da janareta ke kunne ko batir yake cike.

Na uku, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne rashin karanta gargaɗi. A watan Nuwamba na 2021 Linus Sebastian, ɗan ƙasar Kanada wanda ya shahara da shirye-shiryen kwamfuta a YouTube, ya nuna yadda ya yi ƙoƙarin saka manhajar wasanni ta Steam a tsarin Pop!_OS, wanda aka samar daga Ubuntu. Saboda wani kuskure a lissafin dogaro, APT ta sanar da shi cewa za ta cire wasu ginshiƙan tsarin, ta kuma bukaci ya rubuta cikakkiyar jumla ta amincewa. Ya rubuta ba tare da ya nazarci jerin ba, nan take fuskar kwamfutar mai tagogi da hotuna ta ɓace. Bayan wannan ne masu kula da APT suka sauya ta, ta yadda rubuta jumlar kaɗai ba ya isa a cire irin waɗannan ginshiƙai. Idan wanda ya daɗe yana harkar kwamfuta ya faɗa wannan rami, mai koyo sai ya shafa wa gemunsa ruwa.

Idan ɓarna ta auku

APT tana rubuta duk abin da ta saka ko ta cire, da rana da lokaci, a fayil ɗin /var/log/apt/history.log. Daga nan, ko daga kafin.txt, za a iya gano abin da ya salwanta a mayar da shi da umarnin apt install. Sai dai mayarwar tana bukatar intanet, kuma kuɗin data na kwamfutoci 20 ba ƙaramin nauyi ba ne a kan makaranta. Don haka a fara da kwamfuta ɗaya, a kashe ta a sake kunnawa, a tabbatar komai yana aiki, sannan a wuce zuwa sauran 19.

Sauran tsare-tsare ma suna da nasu sitokifan. A Fedora ana amfani da dnf remove, kuma akwai dnf history undo na warware aikin da aka yi. A Windows akwai winget uninstall, na manhajar winget wadda Microsoft ya fitar da cikakkiyar sigarta ta farko a 2021.

Kammalawa

Aikin awa 10 yana iya komawa na mintuna kaɗan, amma kwamfuta ba ta san niyyar mutum ba, abin da ya rubuta kawai take bi. Matakan dai biyar ne: a ɗauki lissafi, a rubuta jeri, a yi atisaye, a karanta sakamako, sannan a cire. Muna ba malamai shawara su sa ɗalibansu su gwada umarnin apt-get -s remove python3 a kan Ubuntu, su ƙirga ƙunshi nawa ne za su tafi tare da shi. Tunda atisaye ne babu abin da zai lalace, amma tsawon jerin da zai fito zai nuna musu ma'anar dogaro ƙarara.