Ajin Kalma da Aikinta a Jimlar Ingilishi

Masana nahawu sun bambanta abubuwa biyu waɗanda ɗalibai kan gwama su wuri guda, wato ajin kalma da aikin kalma. Aji shi ne rukunin da kalma ta fito, ko suna ce, ko aikatau, ko sifa, ko bayanau. Aiki kuwa shi ne matsayin da kalma ko yankin jimla ya riƙe a cikin wata jimla takamaimiya. Ƙamus yana iya faɗin ajin kalma, amma aikinta ba ya bayyana sai an ga jimlar da ta shiga. A dubi waɗannan misalai:

1. Last week was hot.
2. We wasted last week.
3. Binta travelled last week.

A dukkan jimlolin uku, "last week" yankin suna ne, siffarsa ba ta sauya ba. Sai dai a ta farko aikau ne, a ta biyu karɓau, a ta uku kuma yana bayyana lokacin tafiyar Binta ne, don haka aikin bayanau yake yi. Ɗalibin da aka koya masa cewa duk abin da ya nuna lokaci bayanau ne zai yi daidai a jimla ɗaya, ya faɗi a biyu.

Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban littafinsu na nahawun Ingilishi wanda ya fito a 1985, sun kasa ayyukan nan gida biyar: aikau da aikatau da karɓau da cikamako da bayanau. Daga yadda waɗannan suke jeruwa ne suka fitar da sigogi bakwai na sassauƙar jimla. Abin lura shi ne, jeri ne babban manunin aiki a Ingilishin yau. Ba haka abin yake a da ba. Tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin Nomawa su ci Ingila a 1066, yana da ɗafe-ɗafen ƙeya da ke taimakawa wajen gane matsayin suna a jimla. A ƙarnonin da suka biyo baya mafi yawansu suka zube. Baya ga ɗafin mallaka, ɓurɓushin tsarin ya saura ne a wakilan suna kamar "he" da "him", ko "they" da "them". Saboda haka babu abin da ya raba "The hunter killed the lion" da "The lion killed the hunter" in ban da wurin da kowane suna ya zauna.

Hausa ma aikau take gabatarwa, sannan aikatau, sannan karɓau. Wannan kamanci yakan yaudari malami ya ɗauka babu sauran aiki, alhali a nan matsalar take farawa. Bahaushe ba ya cewa "Yaron tafi" idan yana ba da labari, dole ya sa lamirin suna ya ce "Yaron ya tafi". Idan yaro ya kwashi wannan tsari ya kai Ingilishi, sai ya rubuta "The boy he went", ya tara aikau biyu a gurbi guda. A gefe guda kuma Ingilishi ba ya barin gurbin aikau fayau a jimlar bayani, ko da babu wanda ya aikata komai. Inda Bahaushe zai ce "Ana ruwa", Bature sai ya ce "It is raining", kuma wannan "it" ba ta wakiltar kowa, toshe gurbi kawai take yi.

Wannan ne ya sa ma'anar da aka saba bai wa yara, cewa aikau shi ne mai aikata aiki, ba ta wadatar ba. A jimlar "The window was broken" taga ba ta aikata komai ba, ita aka yi wa ɓarna, amma ita ce aikau. Gwaji ya fi ma'anar aminci: a mayar da jimlar tambaya, a ga yankin da ya yi musayar wuri da mataimakin aikatau. "The window was broken" ta koma "Was the window broken?", ke nan aikau ya fito fili.

Wajen karɓau, Hausa ta fi Ingilishi taimakon mai koyo. Aikatau na giredi na biyu, a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, yana sauya wasalinsa na ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo shi: "ya sayi littafi", "ya saye shi", "abin da ya saya". Aikatau "bought" kuwa ba ya motsi, ko me ya biyo baya. Haka nan Hausa tana sa "wa" gaban karɓau kaikaitau, kamar a "Audu ya sayo wa Binta littafi", amma Ingilishi yana iya jera karɓau biyu babu wata alama: "Audu bought Binta a book". Na farko shi ne wanda aka yi aikin dominsa, na biyu shi ne abin da aikin ya faɗa a kansa.

Cikamako ya fi kowanne rikita ɗalibai, domin yakan zauna daidai inda karɓau yake zama:

4. Audu met a teacher.
5. Audu became a teacher.

A jimla ta 4 mutum biyu ne, Audu da malamin da ya haɗu da shi, don haka "a teacher" karɓau ne. A ta 5 mutum ɗaya ne, Audu shi ne malamin, don haka cikamako ne. Haka yake a "Audu is a teacher", wadda Hausa take bayyanawa da dirka ba tare da aikatau ba: "Audu malami ne". Daga nan ne wasu yara suke samo "Audu teacher", su yar da "is" saboda babu takwararta a jimlar da suka saba. Rashin rarrabe waɗannan ayyuka yana iya juya ma'ana ɗungurungum. Jimlar "They found him a good teacher" tana iya nufin sun samo masa malami nagari, tana kuma iya nufin sun same shi malami ne nagari. A fassara ta farko karɓau biyu ne, a ta biyu karɓau ne da cikamakonsa.

Bayanau ya fi sauran walwala, domin yawanci ana iya ɗauke shi zuwa farkon jimla ko a cire shi ba tare da ta rushe ba, ko da yake "Audu put the book" ba ta tsayawa sai an ƙara mata "on the table". Wahalarsa ita ce yankin da ya fara da harafi ba kullum yake zama bayanau ba. A jimlar "The police stopped the man with a gun", idan 'yan sanda ne suka yi amfani da bindigar, "with a gun" bayanau ne. Idan kuwa mutumin ne yake riƙe da ita, to yankin yana siffanta "the man" ne, ya zama ɓangaren karɓau. Malamin da ya sa ɗalibai su fassara jimlar zuwa Hausa zai ga wasu sun rubuta "sun tsayar da mutumin da bindiga", wasu kuma "sun tsayar da mutumin mai bindiga", kuma duka biyun daidai ne matuƙar ba a ba su jimlar da ta gabata ba.