Jan Karen Tahiti da Gungayen Yauri

A gidan tarihin Orsay da ke Faris akwai wani zane na 1892 mai suna Arearea. Mata biyu ne zaune a gindin bishiya, ɗaya tana busa sarewa, ga kare ja wur kamar an tsoma shi a manja yana shinshinar ƙasa. Da aka baje zanen a 1893, karen nan aka yi ta yi wa dariya. Wa ya taɓa ganin kare mai wannan launi?

Mai zanen Paul Gauguin ne, Gogan ake furtawa, kuma gogan ne a fagensa. Dillalin hannun jari ne da ya watsar da kasuwa, ya nufi tsibirin Tahiti a 1891. Magabatansa irin su Monet hasken rana suke farauta, yadda yake rawa a kan ruwa. Shi kuwa shimfiɗa launi yake yi falle-falle, ya zagaye da layi mai duhu, ba ruwansa da inuwa ko zurfi. Wanda ya ga baduku yana jera jar fata da koriya a jikin timtim ya san salon. Abin da zuciya ta riƙe yake zanawa, ido ya biyo baya.

Sai dai Tahitin da ya tarar ba ita ya yi mafarki ba. Faransa ta mallake ta tun 1880, 'yan mishan sun sauya wa mutane sutura da addini. Katon gunkin da ake yi wa bauta a can bayan zanen ma, daga kansa ya fito da shi.

Wannan zana abin da ido ba ya gani ne ya tuna mini da Yauri. Gungawan can, masu kiran kansu Reshe, daga gungu suka samo suna: tsibiran kogin Neja inda a da suke su, suna noman albasa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa da gungaye, aka tayar da mutum wajen 44,000. Kyamara ba ta kaiwa ga abin da ke ƙarƙashin tafki, dole sai zane irin na Gogan, na tuni. Amma shi baƙo ne a Tahiti, inda bai sani ba ya cike da ƙage. Yaro mai fenti a Yelwa ko Warra kuwa kakarsa kawai zai tambaya, ta nuna masa daga cikin kwalekwale inda tsamiyar gidansu take.