Buhun Shinkafa Da Kalmar Likitoci

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wata kalmar Turanci ta samu gindin zama a teburin mai shayi: palliative, ko "faliyetif" a bakin mutanenmu. "Malam, faliyetif ya iso unguwarku?" "Ina fa! Mu dai a rediyo muka ji." Tambayi mutum goma ma'anarta, kusan duka za su ce maka shinkafar gwamnati ce, ko taliya da ɗan man girki.

Wannan fassara ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin kalmar ba ta haɗa komai da abinci ba. Tushenta pallium ne a harshen Latin, wato mayafin da ake yafawa a kafaɗa. Daga nan ta ɗauki ma'anar lulluɓe abu. A asibiti kuwa, ita ce kulawar da ke sassauta wa majiyyaci raɗaɗi ba tare da ta kawar da cutar ba. Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967 saboda waɗanda ciwonsu ya gagari magani, sannan wani likita ɗan Kanada, Balfour Mount, ya laƙaba wa irin wannan jinya sunan a shekarun 1970.

Wato faliyetif Fanadol ne ga mai zazzaɓin cizon sauro: jiki ya yi sanyi, ƙwayar cutar na nan daram a cikin jini. Roba ce da uwargida ke tarawa a tsakar ɗaki idan kwano na yoyo da damina: katifa ta tsira daren yau, ramin kuma yana jiran ruwan gobe. Tsumma ne da aka ɗaure wa fasasshen bututu.

Ba a raina su ba. Da babu gara ba daɗi, kuma wanda ya kwana da yunwa ya san darajar mudu biyu. A Oktoban 2020 mun ga yadda jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Legas da Kalaba, kowa da buhu a ka. A Agustan 2023 kuma aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha a matsayin faliyetif.

Abin mamaki shi ne yadda ake kafa rumfa, a kira 'yan jarida, a ɗauki hoto da buhu, alhali sunan da aka ba shirin da kansa yana cewa ba a warkar da komai ba. Likitan kirki yakan gaya wa dangi gaskiya idan ya koma ga rage zafi.

Tsohuwar da ta wuni a layi ta dawo da shinkafa ƙulle a gefen zane, kafin Juma'a tukunyarta ta koma wayam. Idan aka sake kiranmu rabo, mu karɓa, mu yi godiya, sannan mu tambaya: Ranka ya daɗe, yaushe za a hau sama a gyara kwanon?